A Tare Ruwa Tun Daga Tudu

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Gwarzo a cikin watan Agusta, jim kaɗan bayan an ɗauke ruwa, zai ga jan ruwa yana malala a gefen titi, yana ratsa gonaki, yana neman rafi da gudu. Jan nan ba launin ruwa ba ne. Ƙasar gona ce, da takin da mai gona ya yi rani yana jigila a kan jaki ko amalanke. Bayan kwana goma kuma, in sama ta yi shiru, sai ka ga dawa ta fara naɗe ganye a gonar nan da ruwa ya bi ta kanta, mai ita yana duban gabas yana cewa damina ta yi gardama.

Ƙasar Rimin Gado ba ƙasar duwatsu ba ce. Tudu ne da gangare mai sauƙi, wanda sau da yawa ido ba ya ganewa sai ruwa ya nuna. Amma ƙasa ce cike da jama'a. Faɗin ƙaramar hukumar murabba'in kilomita 225 ne, a ƙidayar 2006 kuwa an sami mutum fiye da 100,000 a cikinta. Daga Gulu zuwa Jili, daga Butu-Butu zuwa Karofin Yashi, gona tana jingine da gona. Babu sauran dajin da mutum zai sara in tasa ta gaji, babu kuma zancen barin gona ta huta. Wadda ka gada ita za ka bar wa 'ya'yanka, in ruwa bai kwashe ta ba.

Bari mu yi ɗan lissafi. Hekta ɗaya wajen eka biyu da rabi ce. Ruwan sama na milimita 30, irin wanda akan yi cikin sa'a guda a tsakiyar damina, yana zuba lita 300,000 a kan hekta ɗaya, watau duro 1,500 irin mai cin lita 200. In kashi ɗaya cikin uku kaɗai ya gudu, duro 500 sun tafi ke nan a yini guda. Ruwan shekara a ƙasar Kano yakan kai milimita 800 ko fiye in damina ta yi kyau, kusan dukansa cikin wata huɗu. Ashe ba kullum ƙarancin ruwa ke damunmu ba. Sau da yawa ruwan ya zo, gonar ce ba ta riƙe shi ba.

Gwamnati ta daɗe da tata amsar, watau madatsar ruwa. Tun zamanin Gwamna Audu Baƙo aka sa hannu a wannan aiki. An gama Tiga a 1974, aka yi ta Watari a Bagwai, aka gama ta Challawa kusa da Ƙaraye a 1992. Ba mai musun amfaninsu, musamman ga masu noman rani da mutanen birni. Amma madatsa tana tare ruwa ne a can ƙasa, bayan ya riga ya bar gona. Mai gero a kan tudu ba ya samun ko ɗigo daga ciki, ƙasar gonarsa kuwa ita ce take zama laka tana cike madatsar kaɗan kaɗan.

Akwai wata hanya, wadda ba ta bukatar siminti. Ita ce a yi amfani da ƙasa da ciyawa da itace da dutse a rage wa ruwa gudu, domin ya sami lokacin nitsewa a inda ya faɗo. Mutanen duwatsu su ne malamanmu a nan, gama su ruwa ya fi matsa wa. A duwatsun Gwoza, tun kaka da kakanni, an jera dutse hawa hawa a jikin tsauni kamar matakala, kowane hawa yana riƙe da ƙasarsa da ruwansa. Da mutane suka yi ta saukowa fili tun zamanin Turawa, hawan da ba a gyarawa suka riƙa rushewa. Wannan ya nuna mana abu guda tun da wuri: ba aiki ne da ake yi sau ɗaya a huta ba.

Abin da aka yi a Adar

A jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar akwai ƙasar Adar, ƙasar Hausawa 'yan'uwanmu, mai tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai da kwaruruka a tsakaninsu. Bayan farin 1973 da na 1984 tsaunukan suka zama tsirara. Ruwa kaɗan in ya sauka, sai ya gangaro da ƙarfi, ya yanka ƙorama, ya binne gonakin kwari da yashi. A 1984 aka buɗe babban aikin raya ƙasar Keita da kuɗin gwamnatin Italiya, tare da hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ba su fara daga kwari ba, sama suka hau. Suka jera dutse a kan tsauni, suka haƙa ramuka a gicciye a jikin gangare suka dasa itatuwa a ciki, sa'an nan suka sa shingen dutse a cikin ƙoramu. Da yake maza sun tafi cin rani, mata ne suka ɗauki yawancin duwatsun nan a ka, ana biyansu da abinci. Cikin shekara ashirin aka farfaɗo da fiye da hekta 30,000, aka dasa itatuwa wajen miliyan 18.

Aiki ne mai ban sha'awa, amma ya ci kuɗi da motoci da abincin agaji waɗanda ƙungiya irin tamu ba za ta taɓa samu ba. Abin ɗauka a ciki shi ne tsarin: daga sama ake farawa. Kuɗi da injuna kuma ba su kaɗai ke sa aiki ya zauna ba. A Yatenga ta ƙasar Burkina Faso, a farkon shekarun 1960, an kawo manyan injuna aka tayar da ganuwar ƙasa a dubban gonaki ba tare da an shawarci masu gonakin ba. Manoma suka ɗauka kayan gwamnati ne. Ba wanda ya gyara inda ya karye, bayan 'yan shekaru kuwa ruwa ya share yawancinsa.

Labarin Illela ya fi kusa da ƙarfinmu. Ba Illela ta Sakkwato ba, ta Nijar, a cikin jihar Tawa ɗin. A 1989 aka ɗauki wasu manoma kaɗan aka kai su Yatengan nan su ga yadda manoma irinsu suke ta da mataccen fako da hannunsu. Suka ga ramuka, kowanne faɗinsa kamar taƙi ɗaya da ɗan ƙari, zurfinsa ƙasa da taƙi, an haƙa su da rani, an tara ƙasar a gefen gangare, an zuba taki cikin tafin hannu a ciki. Ruwa in ya zo sai ya taru a ramin, gara kuma ta bi takin ta huda ƙasar, ruwa ya sami hanyar nitsewa. Irin aikin da marigayi Yakuba Sawadogo ya shahara da shi ke nan. Mutanen Illela suka komo gida suka gwada a ɗan fili. Suna kiran ramin tassa.

A 1990 damina ba ta yi kyau ba. Gonakin da aka yi wa tassa suka ba da gero, na kusa da su suka bushe. Ba a bukaci wani malamin gona ya yi dogon jawabi ba. Cikin 'yan shekaru aka yi dubban hekta, har fakon da dā ba mai kallonsa ya zama abin saye da sayarwa, samari kuma suka mai da haƙan tassa sana'a. A ƙauyen Batodi masu bincike sun rubuta cewa tsakanin 1994 da 2004 ruwan rijiyoyi ya hau da wajen mita 14, har mata suka kafa lambu a inda dā ake wahalar ruwan sha. Ruwan da aka tare a gona, ashe, ba amfanin gona kaɗai yake yi wa aiki ba.

Itacen wa?

A Maraɗi kuma wata matsala ce dabam ta bayyana. Wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya yi ta dashen itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma suke sassabewa kowace bazara ba ciyayi ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana can ƙasa. In an zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi aka bari, aka datse saura, sai itace ya tashi da sauri fiye da na dashe. A can suna ce da wannan sassabin zamani. A yunwar 1984 aka haɗa shi da rabon abinci, mutane suka bar itatuwa wajen 500,000 a gonakinsu. Da abinci ya ƙare sai aka sare wajen kashi biyu cikin uku.

Me ya sa? Wani dalili shi ne al'ada, gama ana ganin manomin kirki shi ne mai gona fes. Babban dalilin kuwa doka ce. A lokacin itace na gwamnati ne ko da a gonarka ya tsiro, in ka sare reshe malamin daji ya ci ka tara. Wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Sai da aka sassauta wannan, manomi ya tabbata itacen nasa ne, sa'an nan abin ya bazu daga gona zuwa gona. Binciken da aka yi daga baya da hotunan sama ya nuna wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar sun sake samun itatuwa, kimanin miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo da Sawadogo wata babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin saboda wannan aiki.

Mu a ƙasar Kano ba baƙi ba ne ga itace a gona. Kakanninmu sun bar mana gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya da kanya, sunan garin Rimin Gado kansa ma sunan itace ne. Amma ku duba gonakinku da kyau. Manyan suna nan, ina ƙananan da za su gaje su?

Abin da ya dace da ƙasarmu

Kada mu kwaso na Adar dukansa mu juye a nan. Su suna da dutse a ko'ina, mu sai an saya an yi dako. Tassa kuma ta fako ce da ƙasa mai tauri. A jigawa mai rairayi ramin yakan cike da ruwan farko, wahala ta tashi a banza, ga shi kuwa hekta ɗaya takan ci aikin sa'a 300. Wanda yake da fako a gefen gonarsa ya gwada, saura kuwa akwai abin da ya fi musu.

Na fari shi ne kunya a gicciye. Kunyar da ta bi gangare hanya ce aka share wa ruwa. Wadda ta gicciye shi kuwa kowacce 'yar madatsa ce. In an ƙara da ɗaure kwarin kunya, watau a tara 'yar ƙasa a tsakani bayan kowane taku uku ko huɗu, sai ruwa ya tsaya a gurbi gurbi. Sai dai a kula, in Agusta ta yi nauyi a buɗe ɗaurin a gonar gyaɗa da wake, gama ba su son kwanciyar ruwa. A kula kuma da awo. Kunyar da aka ja da ido, ta karkata ba a sani ba, takan tara ruwa wuri ɗaya ya fasa, ɓarnar ta fi ta dā. Abin awon ba shi da tsada. Farin tiyo ne irin wanda magina suke daidaita gini da shi, a cika shi da ruwa, a ɗaura bakinsa biyu a jikin sanduna biyu masu alama iri ɗaya. Inda ruwan ya tsaya daidai a sandunan biyu, wuraren nan tsayinsu ɗaya ne, sai a kafa turke. Mutum uku sun isa, yaron makaranta ma yakan koya cikin yini guda. Da irin wannan tiyo manoman Yatenga suka ja layukan dutsensu.

A maimakon dutse muna da ciyawa. Gamba da jema tun dā ake dasa su a kan iyakar gona a ƙasar Hausa. In an dasa su a jere, kusa da kusa, a kan layin da aka auna, sukan zama shinge mai rai. Ruwa ya ratsa a hankali, ƙasa ta tsaya a bayansu, shekara kaɗan sai ka ga wurin ya taso. Saiwar jema tana nitsewa ƙwarai, ruwa ba ya tumɓuke ta da sauƙi. Gamba kuma tana biyan kuɗin wurin da ta ci, gama ga zana, ga jinka, ga abincin dabbobi. Sai itace: kalgo da sabara da gawon da suka tsiro da kansu a bar su a kan layin nan. Gawo dai kowa ya san halinsa, da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa.

Kwazazzabo kuwa tun yana ƙarami ake kama shi, a kansa, ba a tsakiya ba. Yawancinsu daga hanya suke farawa, ko burtali, ko bakin kwalbati inda aka tara ruwan titi aka sake shi a gonar wani. Turaku da ƙaya da buhunan ƙasa, a jera su ƙanana ƙanana da yawa, sun fi babban shinge guda. Wanda ya riga ya fi tsayin mutum ya wuce ƙarfin gayya, sai a kai kuka ga hukuma.

Me ke hana mu?

Duk abin da aka faɗa a sama ba wani sabon ilimi ba ne. A ganina abin da ke hana mu ba a cikin ƙasa yake ba, a tsakaninmu yake.

Ku ɗauki rabon gado. In an raba gona tsakanin 'yan'uwa, sau da yawa akan yanka ta dogo dogo daga tudu zuwa kwari domin kowa ya sami mai kyau da maras kyau. Adalci ne, amma sai kowa ya tashi da siririyar gona mai bin gangare. Mai garmar shanu da aka ɗauka haya ba ya son yawan juyawa, sai ya bi tsawon gonar, kunya ta miƙe daga sama har ƙasa. Mutum ɗaya ba zai iya gyara wannan ba. Sai maƙwabta huɗu ko biyar sun yarda a ja layi guda ya ratsa gonakinsu duka, a yi huɗa rana ɗaya.

Ga kuma na sama da na ƙasa. Mai gonar tudu shi zai yi yawancin wahalar, mai gonar gangare shi zai fi hutawa da ɓarna. In na ƙasa ya yi shinge shi kaɗai, ruwan na sama ya zo ya fasa. Don haka gayyar da za a yi a gonar tudu, na ƙasa ya kamata ya riga kowa zuwa da fartanyarsa. Ruwa ba ya tambaya ko mai gonar ɗan ƙungiya ne, ko wurin ibadarku ɗaya. Ƙungiyar da ta tsaya a kan membobinta kaɗai za ta yi ta yin layi guntu guntu, ruwa yana bi ta tsakani.

Sai gonar aro da ta jingina da ta haya. Wanda bai san ko baɗi gonar tana hannunsa ba, ba zai dasa jema ba. Mai gonar ma sau da yawa ba ya so a dasa itace, don kada wata rana a ce shaidar mallaka ce. Wannan ita ce matsalar Maraɗi da wata riga. Maganinta magana ce a fili a gaban mai unguwa ko dagaci, a rubuta: shekara nawa aron zai yi, ciyawar ta wa, itacen na wa, in an karɓi gonar me za a ba wanda ya yi wahala. Takarda guda mai sa hannun shaidu ta fi alkawarin baki goma.

Dabbobi ma suna ciki. Bayan kaka akan sake su, mu kuma mun kwashe kara da harawa sarai, don danni da girki da kiwo. Ba laifi ba ne, bukata ce. Amma ruwan farko yakan tarar da ƙasa tsirara, ɗan gawon da aka bari kuma akuya ta cinye. A nan ma sai an zauna da masu dabbobi, na gari da Fulani, a bar musu burtali yadda yake, su kuma su san layin da aka dasa. A wasu ƙauyukan Maraɗi kwamiti aka kafa na tsaron itatuwa, da mata da makiyaya a ciki, shi ya sa dokar ta yi ƙarfi.

Hannun aiki kuma ya yi kaɗan a daidai lokacin da ake bukatarsa. Awo da haƙa aikin rani ne, birnin Kano kuwa tafiyar kilomita 20 ce kawai, samari suna can suna neman kuɗi. Ba za a ce su zauna ba. Sai a sa ranakun gayya tun da wuri, a ƙarshen kaka kafin a watse, a kuma ba ƙungiyoyin mata wurinsu a shawara, ba a ɗaukar kaya kaɗai ba. Akwai kuma masu tifa da suke kwasar yashi a rafuka don gine-ginen birni. Yashin rafi tulu ne, shi ke ɓoye ruwan da masu lambu suke samu da rani a rijiyoyi marasa zurfi, irin waɗanda hukumar KNARDA ta yaɗa a fadamu tun shekarun 1980. In an kwashe shi rafi yakan ƙara zurfi, gaɓa ta riƙa zubewa, kwazazzabai su ƙara cin gonakin da ke sama. Wanda ya sayar da yashin bakin gonarsa ya karɓi kuɗi sau ɗaya, maƙwabtansa su yi ta biya.

Taimako daga waje yana nan, in an san yadda za a karɓe shi. A watan Disamba na 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL, na gyaran ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja, Kano tana ciki. Irin wannan shiri ya fi sauraron jama'ar da suka zo a ƙungiyance, da rajista, da wurin da suka riga suka fara. Amma mu tuna da itatuwan Maraɗi da aka sare da abinci ya ƙare. Abin da ya kamata a roƙa shi ne abin da ba mu iya yi da kanmu: gyaran bakin kwalbati, babban kwazazzabo, irin jema, da kuɗin motar da za ta kai manoma goma su ga inda aka yi aka ci nasara, kamar yadda aka kai mutanen Illela.

Ƙungiyar da take so ta fara, kada ta ɗauki ƙauye duka. Ta zaɓi gangare guda mai gonaki biyar ko shida. A cikin damina, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, a fita tare da masu gonakin a bi sawun ruwan daga inda ya taso har inda ya faɗa rafi, a kafa alama. Bayan girbi a yi awo a kafa turaku, a zauna da mai unguwa a rubuta yarjejeniya. Huɗar farko ta bi turakun. Gamba da jema kuwa sai ƙasa ta jiƙu sosai, wajen watan Yuli, a tsaga tushensu a dasa, tazarar yatsa huɗu zuwa biyar tsakanin kowane biyu, a kuma bar gona guda a gefe yadda take domin a gwada dammunan da za a ɗaure a kowacce da kaka.